Fizgar giyar Camry a zafin Makka: daga canjin mai zuwa aikin asuba

Motar da mai ita

Motar Camry ce ƙirar 2013, fara, irin waɗanda suka cika titunan Makka da Jidda har in ka ajiye taka a bakin masallaci sai ka danna rimot kafin ka gane wacce ce taka. Injinta mai lita 2.5 ne, giyarta otomatik mai hawa shida, wadda a takardun kamfanin sunanta U760E. Camry ɗin da ake kawowa nan a waɗancan shekarun a Ostireliya ake haɗa su, a masana'antar Altona da aka rufe a 2017, kuma kayan gyaransu ba sa wuya a Saudiyya ko kaɗan, sabo da tsoho duk akwai.

Mai ita Bahaushe ne magidanci mazaunin Makka, sana'arsa ɗinki, yana yawan zuwa Jidda sarin yadi a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta garin. Hannu ya saye ta a 2019 tana da kilomita wajen 120,000, lokacin da wannan abu ya taso kuma ta haura 210,000. Baƙin mai kam baya wasa da shi, duk kilomita 5,000 sai ya juye. Amma man giya tunda ya sayi motar ba'a taɓa buɗe shi ba, dalili kuwa giyar bata da sandar awo irin ta tsoffin motoci da zaka zaro ka duba, kuma kowa ya tambaya sai ace masa ai wannan rufaffiya ce, ba'a taɓa ta, in ka taɓa ma ka tsokano wa kanka.

Aikin da motar take yi kala uku ne. Akwai hanyar Makka zuwa Jidda, kilomita saba'in da wani abu a miƙe, wannan bata wahal da giya. Akwai cunkoson cikin gari, Shari' Mansur da Misfala da hawa da gangaren unguwannin kan dutse, tafi kaɗan tsaya kaɗan da esi a ƙure. Sai kuma na ukun, in zafi ya yi zafi yakan kwashi iyali su hau Ɗa'if ta hanyar Hada, mutum biyar a ciki, but cike da darduma da kula da tukunyar gas, daga Makka da take ƙasa-ƙasa har kan dutsen da ya haura mita 1,800, hanya ce mai kwana-kwana da mota take shan wuya a kai.

Yuni 2024: farkon fizgar

Hajjin shekarar a tsakiyar Yuni ya faɗo, wanda duk yake Makka a lokacin ya san irin zafin da aka sha, an ruwaito ya haura digiri 50 a Harami. Bayan Sallah da 'yan kwanaki ne ya fara jin abin. Da safe lafiya lau motar take, giya na shiga sumul baka ma jin ta canza. Amma in ta yi kamar minti arba'in tana tafiya, musamman in an shiga cunkoso, to daga giya ta biyu zuwa ta uku sai ta yi wata fizga, kamar an ɗan bugo ta ta baya. Haka kuma in zai tsaya a danja, daf da tsayawa sai ya ji wani gif daga ƙasa lokacin da take saukowa zuwa ta ɗaya.

Wutar cek bata kama ba. Babu ɗigon mai a inda yake ajiye ta. In ta kwana ta huce shikenan kamar ba ita ba. Wannan yasa ya share, yace zafi ne, in gari ya yi sanyi zata daina. A ƙarshen watan suka hau Hada, a nan ne fizgar ta fito sosai har uwargidan tace Alhaji wai lafiya motar nan kuwa, yace lafiya, amma a dawowa ta hanyar Sail ya biyo saboda ta fi sauƙin gangara.

Yuli: canjin mai na farko

Farkon Yuli yana dawowa daga Jidda da rana ya tsaya a wani wajen canjin mai na bakin hanya, irin masu gyaran taya da juye baƙin mai. Ya yi musu bayani, yaron wajen yace man giya ne, yanzun nan za'a gama. Motar ko minti goma bata yi da sauka daga babban titi ba aka ɗaga ta. Suka kwance ƙusar ƙasa, mai ya zubo wajen lita biyu, launinsa ya koma ruwan ƙasa mai duhu maimakon ja, suka ɗura wani daga jarka da aka rubuta yana yi wa kowace irin mota, suka bari ya tsiyaya ta bututun awo, wato ɗan bututun cikin kwanon giya da rarar mai ke zubowa ta kansa, har ya daina, suka ɗaure. Inji a kashe aka yi duk wannan. Riyal 250 ya biya.

Kwana biyun farko ya ji kamar an samu sauƙi. Daga nan sai ga sabbin abubuwa da da babu su. Da safe in ya saka D sai motar ta yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku sannan ta shiga da ƙarfi. In ya sha kwana mai kaifi ko yana hawa tudu sai allurar juyin inji ta tashi fuu kamar an taka kuloci, motar bata ƙara gudu ba, can kuma sai giya ta cafke da fizga. Ita kuma tsohuwar fizgar ta biyu zuwa uku tana nan bata je ko'ina ba.

Abokai a majalisa kowa da nasa. Mafi yawa cewa suka yi ai mun gaya maka ba'a taɓa man giyar da ta tsufa, dattin ne yake riƙe da ita, yanzu ka wanke shi ta saki.

Ƙarshen Yuli zuwa Agusta: kwamfuta, fulogi, kujerar inji

Ya kai ta wajen makaniken da ya saba yi masa birki da ƙafa. Aka saka mata ƙaramar kwamfuta irin ta hannu, bata nuna komai ba. Makaniken yace tunda babu lamba to ba giya bace, inji ne yake tsinkewa. Aka canza fulogi huɗu, aka wanke maƙogwaron totur, aka cire kan batir na ɗan lokaci wai ƙwaƙwalwa ta manta. Tunanin ba shirme bane, domin inji mai tsallake wuta yana iya sa mota fizga har mutum ya rantse giya ce, kuma giyar otomatik da bayanin totur take yanke shawarar lokacin canzawa. Sai dai a wannan motar babu abin da ya canza.

Da ya koma, suka taka birki suka dinga saka R da D suna kallon inji, sai ga shi yana tsalle fiye da ƙima. Kujerar inji ta sama robarta ta tsage, wannan kam da ido ake gani. Aka canza. Ƙarar gif ɗin da ake ji in an saka giya ta ragu sosai, amma jinkirin safe da tashin allura da fizgar zafi duk suna nan. Fulogi da wanki da kujera da kuɗin aiki suka tashi kusan riyal 700.

Tsakiyar Agusta: maganar tashlihi

Wata warsha ta uku, wato garejin gyara, wadda take da allon gyaran giya a ƙofa, mai ita ya zagaya da motar sau ɗaya a layin, ya dawo yace giya ta gama, kulocin ciki sun ƙone, ko a sauke a yi mata gyaran gaba ɗaya ko a je tashlihi a Jidda, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, a ɗauko wata. Ta tashlihi da ɗaurawa an yi masa lissafi tsakanin riyal 4,000 zuwa 5,000, garanti na ɗan lokaci kaɗan, gyaran gaba ɗaya kuma ya fi haka. Bai buɗe komai ba, bai duba mai ba, bai saka kwamfuta ba.

Mai motar ya fara tara kuɗin, a lokaci guda yana tunanin ko ya saka ta a Haraj, kasuwar kayan hannu, ya rabu da ita yadda take. Abin da ya tsayar da shi wani maƙwabcinsa ne direba da yace kafin ka kashe dubu biyar ka kai wa wani dattijo a sina'iyyar Jidda, unguwar masu gyaran mota, ya gani, Bahaushen Sudan ne, asalinsu Mai Wurno, giya kawai yake yi, in ta mutu zai gaya maka ta mutu.

Farkon Satumba: tambayoyi da gwajin hanya

Da yamma suka je, domin daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, yawancin masu warsha sai bayan La'asar suke kama aiki da gaske. Dattijon, wanda kowa ke ce wa Usta, bai taɓa motar ba sai da ya zaunar da shi a kan benci ya yi masa tambayoyi. Da sanyi take yi ko da zafi. Wace giya. Wanne ya fara zuwa, wanne ya biyo baya. Da ya ji labarin canjin mai sai ya tsaya a nan.

Yace Alhaji lokacin da suka auna man, inji na aiki ko a kashe? Yace a kashe Usta. Motar da zafi ko ta huce? Yace daga titi na sauko. Usta ya gyaɗa kai kawai yace toh, mu je mu zaga.

Kwamfutar da ya saka babba ce mai karanta ƙwaƙwalwar giya kai tsaye, yaronsa ya zauna a baya da ita a cinya yana karanto lambobi, Usta na tuƙi. Abu na farko da ta nuna, akwai lamba a ajiye a tarihi wadda bata kai ga kunna wutar cek ba, P2714, wadda a Toyota take nufin solonoyid ɗin SLT, wato ɗan bawul mai aiki da lantarki da yake daidaita ƙarfin matsin mai, baya aiki yadda ake so. Usta yace kada a yi saurin kama solonoyid, ƙarancin mai ma yana kawo wannan lambar, domin in famfo ya zuƙi iska matsi zai faɗi, ƙwaƙwalwa kuma bata san dalili ba, ita dai ta ga matsi bai kai ba.

Abu na biyu zafin mai. Man giya yana jin daɗin aiki ne a wajen digiri 80 zuwa 90. Wannan cikin rabin awa a cunkoson Jidda da esi a kunne ya kai 115 yana neman wucewa, kuma daidai lokacin da ya haura 100 ne fizgar biyu zuwa uku ta fara fitowa.

Abu na uku tanjara, wato tukunyar man da take tsakanin inji da giya a madadin kuloci. Usta ya duba ta da kyau saboda Camry na 2012 zuwa 2014 an san wasunsu da wata rawa in tanjara tana kullewa a ƙaramin gudu, har a Amurka kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja saboda ita. Amma waccan rawa ce kamar kana taka titi mai ƙurji, ba fizga guda ɗaya ba. Ya riƙe motar a gudu daidai yana kallon juyin inji da juyin da ke shiga giya, in ta kulle lambobin biyu suna haɗuwa su zauna, babu rawa. Ya cire tanjara daga lissafi.

Da suka dawo yace a bar motar ta kwana, kuma ya zo bayan sallar Asuba in yana son gani da idonsa.

Aikin asuba na farko: awo kawai

Dalilin asubar shi ne yadda ake auna man wannan giyar. A cikin kwanon ƙasa akwai ɗan bututu a tsaye, in mai ya kai bakinsa sai rarar ta zubo, tsawon bututun shi ne ma'aunin. Amma ma'aunin baya zama daidai sai an cika sharuɗɗa: mota a daidaice ba a karkace ba, inji yana aiki, an zagaya da giya ta kowane matsayi, sannan zafin man yana tsakanin digiri 35 zuwa 45. Mai in ya yi zafi kumbura yake, to in ka auna shi yana 90 ko 100 zai zubo da yawa, in ya huce sai ya zama bai kai ba. In kuma inji a kashe yake, man da ya kamata yana cikin tanjara da hanyoyi ya gangaro kwano, shi ma sai ya bi bututu ya fita. A wajen canjin mai na Yuli duka biyun aka haɗa.

Ga kuma matsalar garinmu. A ƙasar sanyi makanike jira yake mai ya ɗumama ya kai 35. A Jidda a watan Satumba motar da take ajiye a inuwa da rana man giyarta ya riga ya kai wajen 40 tun ba'a tayar da ita ba, kana kunnawa cikin 'yan mintuna ya wuce 45, ka rasa damar. Shi yasa Usta baya auna man irin wannan giyar sai da sassafe, motar ta kwana.

Da asubar kwamfuta ta nuna 33. Aka tayar, aka jira ya shiga 36, aka buɗe ƙusar awo, ko ɗigo bai fito ba. Yaron ya fara ɗurawa ta gefe da famfon hannu, sai da ya zuba kusan lita guda kafin ya fara tsiyaya siriri. Usta yace a ɗaure, kada a taɓa komai bayan wannan, Alhaji ka tafi da ita ka yi mako kana hawa ka dawo ka gaya min me ya tafi me ya rage. Mai motar ya so a yi komai a gama a ranar tunda ya taso tun daga Makka, Usta yace in na yi abu biyar lokaci guda ta warke, ni da kai babu wanda zai san wanne ne maganin, in kuma bata warke ba ka biya kuɗin abu biyar.

Bayan mako sakamakon a fili yake. Jinkirin safe ya tafi. Tashin allura a kwana da tudu ya tafi. An goge lambar P2714 kuma bata dawo ba tukuna. Abin da ya rage shi ne ainihin abin da ya fara a Yuni, fizgar biyu zuwa uku in ta yi zafi, da ɗan bugun daf da tsayawa.

Tsakiyar Satumba: buɗe kwano

Yanzu aka sauke kwanon ƙasa. Nan ne ake sanin ko giya ta mutu ko tana da rai, kuma Usta ya kira mai motar ya tsuguna ya gani da kansa. A cikin kwanon akwai ƙananan maganaɗisu da suke kama ƙarfen da ya goge. An same su lulluɓe da wani laushin toka-toka, Usta ya lakata ya murza tsakanin yatsu biyu ya miƙa masa yace taɓa, laushi ne kamar kwalli, babu tsini babu ɓarɓashi mai ƙyalli. Babu baƙaƙen ɓawon kuloci a ƙasan kwanon. Man yana da duhu amma baya warin ƙuna, kuma bai yi fari-fari kamar an zuba madara ba, wanda da hakan zai nuna ruwan lagireto ya shiga ciki. Yace wannan gugar kilomita dubu ɗari biyu ce ta al'ada, giyar da kulocinta suka ƙone ba haka kwanonta yake ba.

Aka cire filta, aka sauke farantin bawul na giya, wato farantin nan mai hanyoyin mai birjik da bawul-bawul da solonoyid a jere. Aka auna solonoyid ɗin ɗaya bayan ɗaya da mita. Ƙa'idar kamfani ga masu daidaita matsi irin SLT om 5.0 zuwa 5.6 ne a digiri 20, kuma duk irinsu sun faɗa kusa da hakan, har da SLT ɗin da ake zargi. Da a nan aka tsaya sai ace lafiyarsu ƙalau. Amma mita wayar ciki kawai take aunawa, bata san ko sandar da ke motsi a ciki tana maƙalewa ba. Usta ya ba kowanne wuta ta cikin ƙwan fitila yana saurare, da sanyi duk suna motsi. Sai ya jiƙa su cikin mai mai zafi ya sake gwadawa. Sauran suka ci gaba da ƙas ƙas ɗinsu, SLT kuwa sai ya yi nauyi, wani lokacin ya tafi ya ƙi dawowa sai an ƙwanƙwasa shi. A jikin bawul ɗin kusa da shi kuma akwai wani dafi-dafi ruwan zuma da tsohon mai ya bari.

Aikin SLT shi ne ya rage ko ya ƙara matsin mai gwargwadon yadda ka taka totur, don kuloci ya kama a hankali in tafiyar a hankali ce. In ya maƙale matsin baya bin umarni, sai kuloci ya cafke lokaci guda, wannan cafkar ita ce fizgar da ake ji a kujera.

Aka wanke farantin bawul ɗaya bayan ɗaya, aka saka sabon SLT na asali, sabon filta da gaskit, aka ɗura man ATF WS wanda shi ne kamfanin ya rubuta wa wannan giyar. Giyar tana cin wajen lita shida da rabi gaba ɗaya kuma ba duka yake fita ba in an buɗe kwano, mai yawa yana zama a tanjara, don haka aka tsara za'a sake juyewa da ɗurawa sau biyu nan gaba don a tsarma ragowar tsohon man da na jarkar nan. Mai motar ya tambayi injin wanke giya da ake tallarsa, mai tura sabon mai ya koro tsoho lokaci guda, Usta yace shi baya yi wa giyar da ta daɗe haka, ya fi son a bi ta a hankali, masu yi kuma bai ce sun yi laifi ba.

Saura zafi. Man giyar ruwan lagireto ne yake sanyaya shi, to in lagireto baya shan iska giya ce take fara ji tun kafin allurar zafin inji ta motsa. Da aka raba lagireton da na esi da ke gabansa, tsakaninsu ƙura ce da gashin tsuntsu da ledoji sun dunƙule kamar tabarma, kusan rabin fuskar a toshe. Aka wanke, aka canza ruwan da jan ruwa na asali domin wanda ke ciki an sha ƙara masa na famfo.

Na ƙarshe aka goge abin da ƙwaƙwalwar motar ta koya. Giyar nan tana koyon yadda zata matsa kowane kuloci gwargwadon yadda ta same shi, kuma wata uku kenan tana koyo a kan solonoyid mai maƙalewa da mai da bai kai ba. Aka goge da kwamfuta, Usta ya fita da ita yana takawa a hankali daga ɗaya har shida yana saukowa, ya maimaita har canjin ya daidaita. Washegari da asuba aka sake auna mai. Duka aikin da kaya ya tashi wajen riyal 1,600.

Oktoba: komawa Hada

Kwanakin farko akwai 'yar tangarɗa kaɗan a canji, Usta ya riga ya faɗa masa haka zata yi kafin ta gama koyo. Kafin ƙarshen Satumba ta lafa. Aka yi juye na biyu bayan kilomita 1,000, na uku bayan wasu 1,000, duka da asuba.

A Oktoba ya ɗauki iyali suka hau Hada da kaya kamar yadda suka saba, wannan karon da 'yar na'urar da ake soka wa a ƙasan sitiyari tana turo zafin man giya zuwa waya, babban ɗansa na riƙe da wayar. A hawan, wajen da birai suke zama a bakin hanya, zafin ya tsaya tsakanin 95 da 100, da suka kai sama ya sauko. Babu fizga. A gangarowa ya bi shawarar Usta ya maida giya S ya riƙe ta a uku maimakon ya kwanta a kan birki.

Abin da na gani a lamarin

Ciwo biyu ne aka ɗauka ɗaya. Na farko shi ne na Yuni: mai ya tsufa, lagireto ya toshe, zafi ya dafa man har ya bar dafi a bawul, SLT ya fara maƙalewa in ya ɗumama. Na biyu a Yuli aka saka shi da hannu, lita guda ta ɓace saboda an auna da zafi kuma inji a kashe. Alamomin na biyun, jinkiri da tashin allura, su ne suka fi kama da giyar da ta ƙone, kuma su ne suka sa mai warsha ta uku ya yanke hukuncin tashlihi daga zagaye ɗaya.

Maganar majalisa cewa canjin mai ne ya kashe ta, rabinta gaskiya ne, domin bayan canjin ne abin ya ƙaru. Amma ba don an taɓa man ba, don an bar shi bai kai ba ne, shaida kuwa ranar da aka cika shi ba tare da an canza komai ba rabin ciwon ya tafi. Man jarka mai yi wa kowace mota ban ɗora masa laifi kai tsaye ba tunda jinkirin ya tafi yana ciki, amma ban ga dalilin saka shi ba a garin da WS yake a kowane shagon kayan Toyota.

Makanike na biyu bana ganin ya cuce shi. Kujerar inji ta mutu da gaske, fulogi ma lokacinsu ya yi, kuskurensa ɗaya da ya ɗauka rashin lamba a ƙaramar kwamfuta yana nufin giya lafiya. Wanda na fi jin haushi shi ne na ukun, domin sauke kwano aikin awa ɗaya ne kuma shi ne zai nuna ko kuloci sun ƙone, bai yi ba. Da an ɗauko ta tashlihi an ɗaura a bayan wannan toshasshen lagireton, ita ma dafuwa zata yi.

Ba kowace fizga bace take ƙarewa a riyal 1,600. Da an buɗe kwanon nan an ga ɓarɓashin ƙarfe da baƙin ɓawo da warin ƙuna, to maganar saukewa ta tabbata, wanke bawul ba zai yi komai ba. Wannan dai an ci sa'a bai daɗe yana hawanta da ƙarancin mai ba, wata biyu ne, kuma bai hau Hada a cikinsu ba.

Motar yanzu ta haura 230,000. Da safe in gari ya yi sanyi tana ɗan taɓa shi kaɗan daga ɗaya zuwa biyu a mintunan farko, Usta yace a bar ta haka. Ya rubuta masa a murfin littafin motar ya dawo juye man giya duk kilomita 40,000, lagireto kuma a raba a wanke kafin kowane zafi ya shigo.